Yadda zaka haɗa alƙalami mai shan tawada da hannunka

Ranar wani ɗaurin aure wani abokina ya zaro alƙalamin dake gaban aljihuna zai rubuta sunansa a takardar gudummawa, sai ya tsaya yana jujjuya shi yace wannan kuma daga ina, Dubai? Nace masa daga tsakar gidanmu, tsohuwar taɓaryar Inna ce data tsage aka jefar bayan ɗaki. Ya ɗauka tsokana nake, sai da na kwance masa shi gaɓa-gaɓa a kan tabarma sannan ya yarda, tun daga ranar kuma ya hana ni sakat wai sai na koya masa. To gashi na zauna na rubuta, shi da duk mai sha'awa. Amma tun yanzu in gaya maka, itacen nan dake ɗaukar ido shine ƙaramin aikin. Wahalar tana ciki inda ba mai gani, ramuka ne da tiredi, wato haƙoran murɗawa irin na noti, da tazarar da bata kai kaurin farce ba, in cikin ya gyaru ko wajen bai yi kyau ba kana da abin rubutu, in cikin ya ɓaci kuwa kyan ɗan maciji ka yi, ranar Juma'a zai yi maka aika-aika a aljihun farar shadda.

Alƙalami mai shan tawada, irin wanda iyayenmu suka yi makaranta dashi, su Hero da kwalbar Quink, gaɓoɓinsa basu da yawa. Akwai nib wato bakin ƙarfen dake taɓa takarda, a ƙarƙashinsa akwai wani baƙin abu mai tsaga-tsaga kamar mataji wanda ni nake ce masa magudana, sai mariƙi inda yatsu ke kamawa, sai gangar jiki inda tawada ke zama, sai marfi. Yadda yake aiki kuwa yoyo ne aka sa masa linzami. Tawada tana bin wani siririn tsagi a bayan magudana har bakin nib kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ita kuma iska tana shiga ta cike gurbin tawadar data fita. In iska ta kasa shiga sai alƙalami ya ɗauke, in ta shiga ta inda ba'a bata hanya ba sai ya dinga ɗiga. Abinda Lewis Waterman yayi wa rajista kenan a Amurka a 1884, magudana mai siraran tsagi, kuma har yau a kansa ake tafiya. Ka riƙe zancen iskar nan, don kusan duk matsalar da zaka haɗu da ita nan gaba in ka bi diddigi iska ce ta samu ƙofa.

Nib da magudana ba kai zaka ƙera ba, saya zaka yi, kuma su zaka fara saya kafin ka taɓa ko da guntun itace, domin a jikinsu zaka ɗauki awon komai. Ba abin kunya bane, manyan kamfanoni da yawa ma daga Jamus suke saye, wajen JoWo dake Berlin ko Bock dake Heidelberg. Suna sayar dashi a haɗe, nib da magudana a cikin wani ɗan kube na roba mai tiredi a gindi, kai naka kawai ka yi masa rami mai tiredi ka murɗa. Lamba 6 shine girman da aka fi yayi, kuma ka kula tiredinsu ba ɗaya bane, na JoWo M7.4x0.5 ne na Bock kuma M7.9x0.6, ma'anar lambobin tana nan gaba, kuma taf ɗinsu, wato ƙarfen da ake yanka tiredi dashi a cikin rami, ba irin wanda zaka shiga kasuwa ka tsinta bane, ka haɗa odarsa tare da nib ɗin lokaci guda kar kaya su iso ka zauna kana kallonsu wata biyu kamar yadda ta faru dani.

In aljihu bai kai nan ba, ko kana so ka fara gwada hannunka tukuna, nemi alƙalamin Chana mai arha irin su Jinhao, ka bar mariƙinsa yadda yake da nib da komai, ka sa zarto ka yanko ɗan zoben dake da tiredi a bakin gangar jikinsa, ka zaro ƙaramin marfin roba dake cikin marfinsa, waɗannan biyun ka dasa su da gam a cikin itacenka. Wannan ko injin lez, wato injin dake juya sanda ana fiƙe ta, baka dashi, da diril da magagari da samfefa da haƙuri zaka fitar da abu. Na farkona haka nayi shi, a karkace ya fito kamar ƙahon rago amma yana rubutu. Kuma kar wani ya tsorata ka da cewa sai masana'anta, a garin Rajahmundry na Indiya wani mai suna K.V. Ratnam ya fara yin alƙalamai da hannu tun 1932, Gandhi yayi rubutu da nasa har ya aika masa wasiƙa a 1935, kuma har gobe akwai ƙananan shaguna a Indiya da suke fiƙe alƙalami a kan injinan da basu fi na masu gyaran famfon ban ruwa namu ba.

Tun ran gini tun ran zane. In wani zaka yi wa, ka zaunar dashi ka bashi biro da takarda ka kalli yadda yake riƙo, wani can ƙasa kusa da baki yake kamawa wani kuma can sama, shi na saman in ka sa tiredin marfi daidai inda yatsunsa ke zama zai dinga cin masa fata, sai ka tsawaita masa mariƙin. Ka tambaye shi boko yake rubutawa ko ajami, sa hannu kawai zai dinga yi a ofis ko malami ne mai cika shafi goma a zama ɗaya, a aljihu zai sa ko a kan tebur zai ajiye. Mariƙi mai kaurin 10 zuwa 11 mm yana yi wa yawancin hannuwa daidai, tsawon alƙalami ba marfi kamar 125 zuwa 135 mm. Mutanenmu suna son abu mai nauyi, wai shine mai tsada, ni dai ina gaya musu gaskiya mai nauyi na sa hannu ne, wanda zai yi dogon rubutu bayan shafi biyu zai ajiye shi ya koma biro. Daga nan ka ɗauki takarda ka zana alƙalamin a girmansa na gaske kamar an tsaga shi biyu, ka kwantar da nib da ɗan famfon zuƙar tawada a kan zanen, ka rubuta faɗi da zurfin kowane rami. Daga ciki ake zanawa a fito waje, kaurin waje shine abu na ƙarshe da zaka yanke.

Kayan aiki: ƙaramin injin lez na ƙarfe yafi na katako daɗin wannan aikin saboda yana riƙe saiti, ma'aunin kalifa mai nuna lamba, bakunan diril masu kaifi har da na rabi-rabi irin 8.5, taf da dayi mai yanka tiredin waje, samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, da takunkumi da tabarau. In baka da inji ka shirya da wani mai injin lez a unguwarku ya dinga baka awa ɗaya da yamma, sai dai injinansu manya ne bakinsu yana murƙushe roba, ka naɗe sandar da ɗan yankin tiyo ko fata kafin ka ɗaure.

Lissafin tiredi ba wuya. In kaga M10x1, goman kaurinsa ne, ɗayan kuma tazarar dake tsakanin haƙori da haƙori, ramin da zaka huda kafin ka sa taf kuwa ka cire na biyu daga na farko, wato 9 mm. Tsakanin mariƙi da gangar jiki M10x1 ake yawan sawa, kuma abin daɗin shine tiredin fulogin ƙananan babura kenan, don haka wajen masu kayan makanikai zaka same shi. Na marfi shine mai tsada, masu sana'ar suna amfani da M13x0.8 mai bakin shiga uku, wanda murɗa ɗaya da ɗan ɗori marfi ya buɗe, raminsa 12.2 mm. In baka samu ba M14x1.25 na fulogin mota zai yi maka koyo, raminsa 12.8, haƙoransa manya ne suna ɗan cizon yatsa amma in ka bi kansu da samfefa suna laushi. Abu ɗaya da bazan gaji da faɗa ba, ba'a yanka tiredi da wuta. Kashe injin, ka jingina taf ɗin da wutsiyar inji, wato ɓangaren dake fuskantar bakinsa, don ya tsaya a miƙe, ka juya da hannu, rabin juyi gaba kwata baya, kana ɗiga ruwan sabulu ko man gyaɗa. Taf ɗin da aka riƙe a hannu tsirara sai ya karkace, marfi kuma ya zauna a gicciye kamar hular ɗan tauri.

Sai abinda za'a yi jikin dashi. Akirilik, wato robar nan mai kama da gilas da ake sayarwa sanda-sanda, itace mafi sauƙin koyo, ka nemi mai kaurin 18 mm ko 20, kuma wadda aka zuba a mazubi, don ɗaya irin da ake tunkuɗowa ta inji saurin narkewa gareta, tana naɗe bakin diril kamar cingam. Kar ka goge ta da sifirit ko tina, sai ta yi tsatsage-tsatsage kamar gilashin mota. Ebonait kuwa roba ce da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta taurare, da ita aka yi alƙalaman farko, tiredi yana kwanciya a jikinta luf kuma tana da ɗumi a hannu, a Jamus da Japan da Indiya ake yinta. Aibinta biyu, in kana fiƙe ta gidan duk sai ya ɗau warin ƙonanniyar taya har maƙwabta su leƙo, sannan rana tana kashe mata launi baƙa ta koma ruwan ƙasa. Ƙahon sa ma ana yi, a kwata zaka samu kusan kyauta, ƙarshen ƙahon inda yake a toshe shine mai amfani, yana sheƙi sosai amma yana tsagewa in ya bushe, ni zobe da kan marfi kawai nake yi dashi.

Itace kuwa nan ne zan daɗe, don nan na sha kashi. Muna da itatuwa masu kyau, kirya mai taurin tsiya da ake taɓarya da ita, kanya wadda 'yar gidan su baƙin katakon ebony ce, maɗaci mai ja, marke, maɗobiya mai zane kamar an yi mata lalle, ita dai maɗobiya ka sani tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan dake neman ƙarewa, tun 2017 saboda yadda aka yi ta kwasarta ana kaiwa Chana, in kana tunanin aika alƙalami waje ka bar ta. Matsalar itace yana numfashi. Da damina ya sha raɓa ya kumbura, da hunturu ya tsuke, shi kuma abinda ka dasa a cikinsa ko gezau, to ɗaya dole ya bada kai. Na taɓa yi wa kawuna alƙalami na maɗaci a watan Agusta, ɗanyen katako na sayo wajen masu katako na fiƙe shi a sati guda ina ta jin kaina, na yanka tiredin a jikin itacen kai tsaye. Disamba na shigowa marfin ya tsage tun daga baki har rabi, iska ta shiga nib ya bushe, ya girgiza shi don ya kawo, sauran labarin mai wanki ne ya ji a jikinsa. Kawu bai ce min komai ba, kawai ya aiko min da rigar in gani.

Tun daga nan dokokina uku ne. Itace sai busasshe na gaske, shi yasa nake bin tsofaffin taɓare da ƙafafun kujerun da aka yar, sun ga hunturu ashirin ba abinda ya rage musu. In sabo ne ka yanka shi 2 da 2 da 15 santimita, ka tsoma bakunan biyu a narkakken kyandir, ka ajiye a inuwa kana aunawa a sikeli duk sati har nauyin ya daina sauka. Na biyu, in ka huda ramin ka bar shi sati ɗaya ka sake bi da diril ɗin, zaka ji ya ɗan tsuke. Na uku, itace riga ce kawai. Duk inda tiredi yake da duk inda tawada ko hucinta zai taɓa, akirilik ne ko ebonait, ka yi siririn bututu dasu ka zura a cikin itacen ka manne da gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa, ka kankare jikin bututun da samfefa mai kaushi don gam ya samu wurin riƙo. Mariƙi kuwa sam ba'a yinsa da itace tunda shi ake tsomawa a kwalba.

To mu hau inji. Mariƙi ake fara yi. Yanki sanda kamar 45 mm, ka daidaita fuskarta, ka fiƙe wuya mai kaurin 9.9 da tsawon kamar 9 mm, ka ɗan kashe kaifin bakinsa don dayi ya samu hawa, ka yanka M10x1. Dayi baya kaiwa har kafaɗa, don haka ka juya shi ta baya ka sake bi, ko ka yi ɗan siririn kwari a gindin wuyan. Ka huda ta bayan daidai kaurin bakin famfo, sannan ka juya ka huda ta gaba. Kuben nib ba kaurinsa ɗaya ba, hawa-hawa ne kamar matakala, ka auna kowane hawa da kalifa ka huda masa nasa, mafi ƙanƙanta shine na tiredi, na JoWo 6.9 mm. Ga inda mutane ke karya aiki: in tiredin ciki ya faɗo daidai ƙarƙashin kwarin nan na gindin wuya, naman da ya rage tsakaninsu bai kai kaurin bawon albasa biyu ba, ranar da mai shi ya ɗan matsa sai ƙaras. Ka duba zanenka ka tabbata sun goce wa juna. Diril a hankali, gudun inji kamar 500, ka shiga 5 mm ka fito ka share, in ka taɓa bakin diril ka ji yana ƙona yatsa ka tsaya ka sha ruwa.

Gangar jiki kamar 90 mm zaka yanka. Ni tiredin waje nake fara yankawa tun sandar tana toshe, na marfi kenan, tsawonsa 7 ko 8 mm ya isa. Sai in huda 9 mm zurfin kamar 15, in ci gaba da 8.5 har inda famfo zai shige ya bar 'yar rata, ka zura shi ka gani kar ka yarda da lissafi kaɗai. Kafin ka sa taf na ciki ka yi wani zobe mai tiredin marfi daga guntun da ya rage ka murɗa a kai, shi zai dafe bakin kar taf ya buɗa shi ya tsage, don a nan tiredi biyu ne ɗaya kan ɗaya. Kuma ka rubuta zurfin ramin a jikin sandar da alƙalamin maka, in ba haka ba wajen fiƙe gindi zaka ga haske ya ɓullo.

Marfi shine wanda ake rainawa alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Rami uku ne a cikinsa, na tiredi a baki, na tsakiya da mariƙi zai shige, sai na can ciki wanda nib kaɗai ke shiga, ka auna kafaɗar nib inda tafi faɗi ka ƙara 1 mm. Matakalar dake tsakanin na biyu da na uku ita ce komai, leɓen mariƙi ya kamata ya zo ya dafe ta daidai lokacin da marfi ya gama murɗuwa, sai nib ya zama a cikin ɗan ɗaki rufaffe, tawada bazata bushe ba ko ya kwana bakwai a aljihu da hunturu. Yadda nake gwadawa, in shafa alli a leɓen mariƙi in rufe in buɗe in haska tocila, in naga zoben alli cikakke a kan matakalar to ya zauna. A saman nib ka bar rata 2 zuwa 3 mm, ka auna da tsinken sakace kafin ka fara rufewa da nib a ciki, nib ɗin da ya daki rufin marfi ya lanƙwashe kuɗinka ne ya tafi. Maratayin aljihu wahala ne ga mai koyo, sai an yi wa marfi kai mai murɗawa daban, ka bar shi sai alƙalami na biyar. Ka goge gefe ɗaya na marfin ya zama shafaffe don kar ya gangara daga tebur, wurin ma yayi daidai da rubuta suna wajen masu zanen leza.

Sai yanzu za'a fiƙe waje. Ka yi 'yan sanduna masu tiredi na alminiyam ko roba mai tauri, ka ɗaura kowace gaɓa a kai ka fitar da siffar, kaɗan-kaɗan da kaifin baki, ko ina ka bar nama akalla 1.5 mm. Ka haɗa marfi da gangar jiki ka duba su tare, in itace ne mai zane ka yanko su daga sanda ɗaya a jere don zanen ya bi juna. Samfefa 240, 400, 600, 1000, 2000, roba da ruwa itace a bushe, kuma bayan kowace lamba ka kashe inji ka goga a tsaye daga sama zuwa ƙasa har zoben da ta bari su ɓace, in ka tsallake lamba ɗaya sai ka gama sheƙi sannan zanen zai fito yana maka dariya. Man sheƙin masu fentin mota yana gama roba, in babu ko man goge baki fari yana taimakawa. Itace kuma sufa gulu mai ruwa-ruwa, shafi shida zuwa goma, kowanne ya bushe kafin na gaba, sannan samfefar ruwa da man sheƙi. Ka sa leda a yatsa ka shafa, kar ka ɗiga shi a auduga ko tsumma, zafi yake ɗauka har hayaƙi, kuma ka buɗe taga don yana yaji a ido. Kirya dai ni na fi sonta da ɗan mai kawai a goge, hannu ne ke ƙara mata kyau da shekaru.

Wajen shan tawada hanya biyu ce mai sauƙi. Ko ɗan famfon nan na murɗawa, wanda cikinsa bai kai mililita ɗaya ba amma ba ruwansa da rigima, ko kuma ka ɗura tawada da sirinji kai tsaye a gangar jiki irin na Indiyawa, ya ɗauki mililita 2 zuwa 3 ko fiye, ka shafa man silikon a tiredi don kar ya tsatso, banda basilin don yana cin roba. Na biyun yana burge mutane amma a ƙasarmu ina jan kunne, in tawada ta yi ƙasa iskar dake ciki ta yi yawa, zafin hannu ko na rana ya kumbura ta sai ta tunkuɗo tawada ɓul a tsakiyar takarda. Wanda zai bar alƙalami a mota a watan Afrilu ka sa masa famfo kawai ku rabu lafiya.

Kafin ka zuba tawada ka wanke komai da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ƙurar fiƙa da maiƙo suna toshe magudana. In ka gwada ka ji yana karce takarda kar ka yi saurin kai shi samfefa, ɗauki madubin ƙara girma ka kalli bakin ta gaba, sau da yawa ɗaya ɓarin ne ya ɗan fi ɗaya tsayi, da farce zaka danna shi su daidaita. Ɗan ƙwallon dake bakin nib ƙarfe ne mai tauri da aka liƙa, in ka cinye shi ba mai dawo dashi, garin neman gira kar a rasa ido. Mai rubutun ajami ko Larabci shi yana son baki mai faɗi da aka yanke a karkace kamar yadda gardi ke fiƙe alƙalamin kara, to ka sayi nib mai kauri ko mai faɗin 1.5 mm, ka goga shi a kan dutsen wasa mai laushi da ruwa, ka karkata yankan yadda malamin ke karkata nasa, ka ce ya kawo alƙalamin karansa ka kwaikwayi kusurwar, kana gogawa yana gwadawa, sannan ka kashe kaifin gefuna da samfefa mafi laushi da kake da ita. Ka fara koyo a nib ɗin Chana guda biyar kafin ka taɓa na Jamus.

Kuma don Allah ka gaya masa da babbar murya, tawadar allo bata shiga wannan alƙalamin. Gawayi ne da ƙaro, ƙaro kuwa gam ne, kwana ɗaya ya bushe a cikin siraran tsagin nan shikenan an toshe. Haka tawadar hatimi da ta firinta da ta masu zane. Quink ko Pelikan 4001 ko duk wadda aka rubuta ta alƙalami ce, ita kaɗai.

Bana miƙa alƙalami sai ya yi sati a hannuna. Daren farko ruwa nake cika shi dashi in kwantar a kan tishu in ga ko zai jiƙa. In sa bakin marfi a bakina in hura, in iska ta fita to akwai ƙofa. Sai in zuba tawada in rubuta shafi biyu a littafin makaranta mai arha, don a nan ake gane nib mai zubar da tawada da yawa, in rufe in ajiye kwana uku in ga ko zai tashi daga taɓawar farko, ranar ƙarshe kuma in sa shi a aljihun tsohuwar riga in hau babur in zaga gari da rana tsaka. In ya tsallake, sai in haɗa masa da 'yar takarda: baki sama in yana aljihu, a wanke da ruwan sanyi duk wata, kar a bar shi a rana, kuma marfin murɗawa ake ba fizga ba. Wannan na ƙarshen ka ja masa layi biyu, mutanenmu sun saba da biro, duk wanda ya ara abinda zai fara yi kenan ya fizga, shi yasa in wani yace ara min nake buɗewa da kaina in miƙa masa, marfin kuma yana hannuna.